Dinkar Wagle da Ya Rantse Ba Zai Sake Zana Fuska Ba

Ƙofata na kallon ta Dinkar Wagle a tsohon beninmu na unguwar Girgaon, famfo ɗaya muke ɗiba, shi ya sa abin da jaridun Bombay suka rubuta a kansa yake ba ni dariya. Wai tun yana goye launi ke kiransa. Ƙarya ce. Ɗan tela ne da ɗinki ya gagara, uban ya gaji ya kai shi wajen masu zana allunan sinima.

A kan tsanin gora ya yi ƙuruciyarsa, yana zana jarumai masu gashin baki kamar tsintsiya. Ya kuwa iya. Sai ran nan wani jarumi ya tsaya da mota, ya ɗaga kai ya ga hotonsa, ya ce an ƙara masa hanci.

"Ranka ya daɗe, rage maka ma na yi," in ji Dinkar daga sama.

A ranar aka sallame shi. Ya dawo gida ya rantse a gaban matarsa Sulabha cewa shi da fuskar ɗan Adam har abada.

"To me za ka zana, Baban Shaila? Akuya?"

"Launi kawai."

"Launin me?"

"Launin launi mana!"

Sulabha ta ce to madalla, ta kama dafa abincin rana tana aika wa 'yan ofis. Da shi suka rayu shekara da shekaru. Shi kuwa ya cika ɗaki da zane: ja a sama, ruwan ƙasa a ƙasa, wani siririn layi ya ratsa tsakiya. Surukarsa in ta zo daga Nashik sai ta ƙare musu kallo ta ce, "Allah sarki, har yanzu bai fara ba?"

Ya fara furfura wata 'yar gayu mai gidan nuna zane a Delhi, Madam Kohli, ta ji labarinsa ta hauro beninmu tana haki. Ta tsaya gaban wani jan zane, ta dafe ƙirji.

"Malam Wagle, wannan ai kaɗaicin birni ne!"

"A'a Madam, bangon matattakalarmu ne, inda Gokhale ke tofar da jan yawu in ya tauna ganyen paan."

Ni ne Gokhale ɗin. Ina tsaye a bakin ƙofa, na haɗiye na bakina.

Madam ta ce tawali'unsa ya burge ta, ta kwashe zanen gaba ɗaya. Daga nan sai Delhi, sai Paris, daga can ya dawo da mura yana cewa burodinsu sai a yi kujera da shi.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani. 'Yarsa Shaila ta kai shi aka yi masa aiki, ya warke, ta ɗauke shi gidan tarihi ya ga ayyukansa da aka jera. Ya tsaya gaban mafi girma ya ƙura masa ido. Shaila ta ɗauka kuka zai yi.

"Wane mara hankali ne ya zuba rawaya haka?"

"Kai ne, Baba."

Bayan 'yan kwanaki ya koma shi kaɗai, buroshi da ɗan gwangwanin fenti a aljihun riga. Ya tsallake igiya ya hau gyara. Masu gadi suka yi masa ca.

"Kai tsoho! Ka san na wa ne wannan?"

"Nawa ne, kuma bai yi kyau ba. Sake min hannu."

Ni na raka Sulabha ofishin 'yan sanda. Ta leƙa ta ga Dinkar zaune yana shan shayinsu, ta ce wa sufeto, "Ɗana, riƙe min shi zuwa yamma, in samu in share ɗakin nan nasa."

Masana suka yi ta taro a kan ko a goge sabon fentin da ya shafa, a ƙarshe suka bar shi. Dinkar ya rasu a tsakiyar wata damina, yana jin haushin ba su bar shi ya ƙarasa kusurwar hagu ba.