Jaridar da Malam Yake Sawa a Ƙirji

Shin takardar jarida tana iya tsare ran mutum? Na san kwana ne ke ƙarewa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma duk shekara idan sanyi ya shigo, sai tambayar ta dawo ta zauna mini a ƙirji. Ni ban iya karatu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Mijina, Malam, karatu ya kai shi Alƙahira tun yana saurayi, rayuwa ta riƙe shi a can. Daga baya ya zama kuku a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Zamalek. Mu kuwa muna unguwar Darrasa, a ɗakin da ke can saman bene. Kullum bayan sallar asuba zai saɓa kekensa a kafaɗa ya sauko da shi, ya ratsa gari, ya haye gadar kogin Nilu.

A shekarun nan da gari ya rikice, ana yawan toshe hanyoyi, bas sai ta tsaya cak. Malam ya tsufa, yana tsoron ranar da zai makara a ce an sami yaro mai jini a jika. Idan aikin ya tafi, ba mu da wani abin riƙewa a ƙasar mutane. Shi ya sa ya ƙi rabuwa da keken, ga shi kuwa da tari.

"Malam, ka shiga bas mana, ko na watan sanyin nan."

"Hajiya, bas ɗin da ke kwana a hanya? Maigida ya karya da me, da haƙuri?"

Wurin masu kai burodi a keke ya koyi dabarar jarida. Ana ninka ta a sa tsakanin singileti da riga, iskar kogi ba ta ratsawa. Sai dai Malam ba ya sa ta Larabci. Ya ce ba a rasa aya ko sunan Allah a ciki, shi kuwa ba zai jiƙa su da gumi a zubar a shara ba. Ta Turanci yake kwaso mana daga gidan aiki, idan an gama karantawa. Ni ce mai ɗumama ta a kan murfin tukunyar shayi, in shafa masa man zafi, in lulluɓe masa ƙirji. Da yamma ya dawo yatsunsa sun ƙage, ko kofi ba ya iya riƙewa sai na tsoma su a ruwan ɗumi. Takardar ta narke, tawada ta kama singileti. In wanke, in shanya, ba ta bushewa. Haka muka yi ta yi, shekara da shekaru. Na gaji, shi ma ya gaji, ba wanda ya faɗa wa wani.

A sanyinmu na ƙarshe aka yi ruwa, abin da ba a cika yi a garin ba. Rufinmu ya yi yoyo daidai inda nake tara jaridun, suka zama kamar kunu. Da safe na sauka wurin maƙwabciyata Bamisriya, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta ba ni tasu ta Larabci. Na ɗumama ta kamar kullum.

Malam ya buɗe shafin farko da ya faɗo hannunsa.

"Shafin ta'aziyya ne, Hajiya. Aya ce tun daga sama."

"To ka duba wani. Duk faɗin jaridar nan a rasa shafi ɗaya?"

Ya juya shafi biyu, ya dubi taga. Gari ya fara haske. Ya ce ko sunayen mutanen garin nan ba sa rabuwa da sunan Allah, in ya tsaya bin layi-layi rana za ta fito masa a nan. Da na iya karatu, da na zaɓa masa tun yana alwala. Na tsaya riƙe da takarda mai ɗumi, ban san wace ce wace ba.

A kan gada ya sauka daga keken, ya jingina shi da ƙarfe, ya zauna a ƙasa. Haka wani mai burodi da suka saba gaisawa ya faɗa mini, shi ne ya turo mini keken har gida. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska.

Yanzu ina gida wurin 'yata, har yau kuka nake yi, ba na ɓoyewa. Abin da ke dawo mini shi ne tsayuwarsa a bakin ƙofa, keke a kafaɗa, yana tari. Ya waiwayo ya nuna jaridar da haɓa.

"Khalas, shi ke nan, Hajiya, yau ɗaya ce, zan tafi haka. Ki ɗora ta a kan kabad, kada wani ya taka."