Jan Sanmu da Motar Soja

Warin ruɓaɓɓiyar albasa in ya haɗu da na baƙin mai, ni dai ba ya wuce ni haka nan. Kwanan baya na shaƙe shi a tashar Goronyo, sai ga ni na koma ƙauyenmu da ke tsakanin Rabah da Rara, ina yaro, ina tsaye gindin tsamiyar dagaci.

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ne Turawa suka shiga sayar da motocin yaƙinsu. Wani attajirin Sakkwato ya sayi guda, yana kwasar albasa da ita daga fadamunmu. Ƙatuwar aba ce mai launin ganyen da ya fara bushewa, tayarta ta fi ni tsawo. Cikin bazara, ta yi lodi ta taso, sai ta mace a bakin garinmu. Direba da karen motarsa suka yi ta wana ta da ƙarfen tayar da inji har hannuwansu suka yi kanta, ko tari ba ta yi ba. Rana ta yi ta dukan buhunan har albasar ta fara tsiyaya.

Attajirin nan abokin hakimi ne, don haka saƙo ya zo wa dagaci cewa a jawo motar zuwa Rabah. A garin kuwa mahaifina kaɗai ke da shanun noma, fari da ja. Jan nan tun yana maraƙi baba ya rene shi. Da hannunsa yake dama masa dusa da kanwa, kuma in ya shigo gida sai ya leƙa turke kafin ya amsa sannun innarmu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, gonarmu tana jiran garma. Dagaci ya aiko a kawo shanun, baba ya je ya durƙusa ya roƙi a bar masa su, aka ce masa ba shawara aka kira shi ba.

Aka kawo igiyar rijiya mai kauri, aka ɗaura a ƙarfen gaban motar, aka ɗaura ɗaya bakin a karkiya. Maza suka jeru a baya suna turawa, direba yana ciki riƙe da sitiyari. Da ƙyar ta motsa, shanun suna nishi, wuyansu ya miƙe. A haka aka ja ta har kan tudu.

To, ka san a lokacinmu ba mai wucewa gaban dagaci a bisa abin hawa. In jaki kake kai ka sauka, in takalmi gare ka ka cire ka riƙe. Dagaci kuwa ya sa an shimfiɗa masa buzu gindin tsamiya don ya ga aiki, daidai inda hanya ta fara gangarawa zuwa rafi. Da motar ta iso, yaron dagaci, wani dogon mutum da ba ya rabo da dorina, ya ɗaga kai ya ga direba zaune can sama yana kallon rawanin maigidansa daga bisa.

"Kai, sabka! Ba ka ga manya ba?"

"Ranka shi daɗe, in na sabka wa ka taka burki?"

"Mota matacciya ta, ina za ta?"

Mutane suka yi dariya. Gaskiya kowa haka ya gani: abin da ya sha ƙarfin gari guda kafin ya motsa, wa zai ce zai gudu da kansa? Direba ya sake buɗe baki, dorina ta same shi a hannu. Ya sauko, ya cire takalmi, ya durƙusa. Masu turi ba su ga abin da ke gudana ba, suka ci gaba da turi.

Abin da na fara lura da shi igiyar ce. Ta saki, ta kwanta ƙasa. Shanun suka ji sauƙi suka rage tafiya, motar kuwa ta taho musu a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. Baba ya yi kururuwa yana dukan su don su ruga. Farin ya fizge gefe, karkiya ta karye, ya tsira. Jan ya harɗe da igiya, taya ta hau ƙafafunsa na baya, motar ta wuce ta kafe cikin yashin rafi.

Bai mutu ba. Yana ta yunƙurin tashi da ƙafafun gaba, yana juyo da kai wajen baba. Ba wanda ya ce wa baba sannu. Abin da na ji kawai shi ne, "Wuƙa! A kawo wuƙa kahin shi zama mushe!" Aka danƙa wa baba ita, tun da dabbarsa ce. Ya shafa goshin san, ya yi bisimilla, ya yanka.

Kafin la'asar an feɗe an rarraba. Cinya ta tafi gidan dagaci, yaron nan mai dorina shi ya saɓa tozo. Mu aka ba mu kai da ƙirgi. Da baba ya je gaisuwa, dagaci ya ce masa, "Laihin sanka na, nawa gare shi, ba shi da sauri." Washegari aka fito da maza su ja motar da hannu, aka sa baba a gaban igiya. Wannan karon direba na ciki, don dagaci bai fito ba.

Sa guda ba ya jan garma. Daminar nan da fartanya baba ya yi ta, rabin gonar ciyawa ta cinye, muka ga ƙasan rumbu tun kafin bazara. Na tsani mutumin nan mai dorina har ya mutu, kuma ban je jana'izarsa ba.

Yanzu in babbar mota ta lalace, da sandar ƙarfe ake jan ta, da mutum a kujera ƙafarsa kan birki. Jikokina kuma a kan babur suke wuce ƙofar dagaci, hannu kawai suke ɗagawa. Tsofaffin majalisarmu kullum cikin ƙorafi suke wai tarbiyya ta ƙare. In suka juyo gare ni don in sa baki, sai in ce a bar yara su zauna inda birki yake.