Idon Sa'a da Baƙon Gidan Masaƙa

A Ɗan Isa na girma, a gidan kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Kaka Ige. Ina 'yar firamare aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, amma abin da ya fi zama a raina daga shekarun nan shi ne rumfar girkin Kaka. In an idar da magariba an ci tuwo, ba ta kashe wuta. Takan tura gyaɗa cikin rushi, mu kewaye ta, ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu na, Kaka."

Ina da ƙanwa, Sa'a. Tun tana ƙarama in ta yi zazzaɓi sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso mata a leɓe. Ba wanda ya ɗauke su komai, cewa ake zazzaɓi ne ke fita. A shafa man shanu, su bushe, a manta. Amma a damanar farko bayan an ƙaddamar da Shari'a, ba su tsaya a leɓe ba. Suka fito a fatar idonta na hagu. Idon ya kaɗa ya yi ja, yana ta hawaye, ko hasken aci-balbal ba ta iya kallo.

Baba yana Shinkafi wajen cinikin shanu. Innarmu ta sa mata tozali, ta wanke da ruwan ɗumi, abu sai gaba yake. Ta so kai ta asibitin Ƙaura, to a lokacin masu kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, hanya kuma ta yi laka, mota ba ta shigowa kullum. Aka jira Baba. Da ya dawo ya kai ta asibiti, likita ya ba da man ido da ƙwayoyi, ya ce ciwon ya riga ya taɓa baƙin idon, kada a tsallake shafawa ko sau ɗaya.

Nan aka sha fama. Man yana yi mata zafi, da ta ga Innarmu ta nufo ta da shi sai ta shige bayan rumbu. Wata rana da yamma Kaka ta ce a ƙyale ta. Ta zaunar da ita a cinya kusa da wuta, ta ba mu labarin da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce a wani gari akwai gidan masaƙa. Ran nan sai ga wani ɗan ƙanƙanen baƙo ya yi sallama. Ya tuɓe rigarsa a bakin zaure, ya shiga har ƙuryar ɗakin maigida. Ba ya da komai sai daɗin baki. Kafin a ankara kowa ya ajiye saƙarsa, abin da baƙo ya ce shi ake yi. Da ya ga gida ya dawo hannunsa, ya ce a gina masa babbar randa a cika ta da ruwa. Aka yi. Ya leƙa ciki ya ga fuskarsa, sai wani mai kama da shi ya fito. Shi ma ya leƙa, wani ya fito.

Na ce, "Kaka, ba a saƙa musu riguna ba?"

Ta ce, "Ke, wa ka saƙa riga bai ga mai sawa ba? Sai da ɗiyan nan suka cika ɗaki sannan ya ce a ɗauko zare."

Masaƙa suka yi ta saƙa ba ci ba sha har suka zube. 'Ya'yan baƙo suka sa riguna, suka fasa katanga, kowanne ya nufi gidan maƙwabta. Haka suka yi ta cinye unguwa gida gida, har aka iso gidan wata bazawara. Ita ta lura da abu biyu: ba sa fita tsirara, kuma ba a sa zare sai sun yi yawa. Da nata baƙon ya ce a kawo randa, ta kawo, amma ta watsa toka a ruwan. Ya leƙa bai ga kowa ba. Ruwa ya fara kwantawa, ta ƙara toka. Haka safe da yamma, har baƙon ya gaji ya haye rufin ɗaki ya laɓe.

Sa'a ta ce, "Ya mutu?"

Kaka ta ce, "A'a. Shina nan sama. Amma in ta gaji da zuba toka, ke kin san mi za ya yi." Ta miƙa wa Innarmu hannu, ta karɓi man. Sa'a ta yi kuka, amma ta buɗe idon.

Ciwon ya warke, sai dai ya bar farin tabo a tsakiyar baƙin idon. Har yau da wannan idon inuwa kawai take gani. Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare.

Ni na ci gaba da karatu, na zama ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje. A can na san sunan abin da ya kama Sa'a, wato herpes. Ƙwayar cutar ba ta iya komai ita kaɗai. Sai ta shiga ƙwayar halittar jikin mutum, ta bar kwasfarta, ta tura DNA ɗinta cikin cibiyar ƙwayar. DNA shi ne rubutaccen umarnin da ake bi a ƙera furotin, furotin kuwa su ne ma'aikata da kayan gini. Daga nan aikin yakan tafi kashi kashi. Furotin na farko su karɓe ragamar ƙwayar. Na biyu su ne kayan aikin kwafar DNA ɗin cutar. Na ƙarshe, waɗanda akasarinsu ake gina jikin sababbin ƙwayoyin cuta da su, ba sa yawaita sai an fara kwafar. Wasunsu kan ɗan fara fitowa kafin nan, wasu kuwa ko kaɗan ba a ƙera su sai kwafa ta kankama. Maganin da aka ba Sa'a kwafar yake tsayarwa. In ta tsaya, furotin na ƙarshen nan ba sa cika, sababbin ƙwayoyi ba sa haɗuwa su bazu. Amma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, ba ya kuma kaiwa ga wadda ta kwanta cikin jijiya tana jiran zazzaɓi na gaba.

Ba zan ce Kaka ta san wannan ba. Ba ta taɓa jin sa ba. Ina jin a zaunen nan ta ƙaga labarin, don yarinya ta buɗe ido. Abin da ya daɗe yana cina shi ne da na gane maganin daidai ne, lokacin ne ya ƙwace. Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi ban samu ba. Innarmu ta yi abin da ta sani, Baba yana neman abin da za mu ci. Daga baya na haƙura da neman, na koma gaya wa duk uwar da ta zo gabana cewa ƙurjin da ya doshi ido ba a kwana da shi.

Sa'a ta yi aure a Zurmi, tela ce, tana da 'ya mai suna Ummi. Bara ta kira ni da hantsi.

"Yaya, abin nan ya hito ma Ummi kusa da ido."

Na ce, "Tun yaushe? Maza ki nemi mota."

Ta ce, "Da asuba na gani. Muna layin ganin likita yanzu. Sunan maganin nika so ki hwaɗa min, in ji ko shi za su ba mu."

Shi suka ba su. Da na je ganinsu bayan salla, na tarar da Sa'a a kan keken ɗinki tana ta karkata kai, zare ya ƙi shiga. Ummi ta taso daga wasa, ta karɓa, ta dubi allurar da idanunta biyu ta zura, ta koma wajen ƙawayenta.