Hedimasta Bukar da Gaisuwar Kan Jinga

Wayewar kowace al'umma, in ji Kawu Bukar, ba a gine-ginenta ake auna ta ba, ba kuma a littattafanta ba. A tsawon gaisuwarta ake aunawa. Ku da kuka bi ta hannunsa a firamare kun san da gaske yake. Duk shekarun da ya yi yana hedimasta a Hadejia bai taɓa yanke gaisuwa ba: kwana, gajiya, iyali, ruwa, gona, har shanun da ba ka da su. Wani sufeto ya taɓa shigo masa ofis da "Sannu" kawai. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, koma waje ka sake shigowa. Ko ɗan aji biyu ba na ba shi maki a kan wannan."

Bayan ya yi ritaya sai hannunsa na dama ya daina lilo in yana tafiya, ƙafafu kuma suka fara kafewa a bakin zaure kamar an buga musu ƙusa. Matarsa, Inna Yagana, ta ce jifa ne. Ni, ɗan ƙanwarsa, na ce Kano za mu.

A asibiti aka zura shi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wata aba mai kama da kwalbati, aka ce kada ya motsa. Ma'aikacin ya tambaya ta lasifika, "Baba, lafiya dai?" Kawu ya amsa daga cikin rami, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, yana gyaɗa kai. Sai da aka sake hoton daga farko.

Likitar ta ce ciwon Fakinson ne. Hoton Kawu don a tabbatar babu ƙari a ƙwaƙwalwa aka ɗauke shi. Amma masu bincike da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon suna cikin motsi, in ji ta, sun ga sashen da ke tafiyar da abin da jiki ya saba yi ba da tunani ba shi ke rauni. Dole mutum ya sa hankali a kowane taku, kamar mai koyo.

"Wato an mayar da ni aji ɗaya," in ji Kawu.

"Kusan haka, Baba. Ka riƙa ƙirga taku. In kana tafiya kada ka yi magana, ko gaishe ka aka yi. Da hankali ya rabu biyu, faɗuwa za ka yi."

"'Yata, ke 'yar ina ce?"

"Nan Kano."

"Shi ya sa."

Kwana uku ya bi doka, yana wuce mutane yana "ɗaya, biyu" a hankali. Rana ta huɗu ya ji masu sayar da kifi na cewa Hedimasta ya je Kano ya koyo girman kai. Ya dawo ya zauna a zaure, bai ci abinci ba.

Ciwon ya ƙwace masa ɓalle maɓalli, ya mayar da rubutunsa kamar sawun tururuwa, amma ya bar masa abu ɗaya da ke yin kansa: amsa gaisuwa. Kafin ya tsayar da ƙafa, baki ya riga ya tafi. Sau biyu ana kawo shi gida da jini a goshi.

"Malam, ka ƙyale su," in ji Inna. "Allah ya san uzurinka."

"Allah ya sani, Yagana. Su ne ba su sani ba."

Bara da kogi ya cika, ya dage sai ya ga shinkafarsa a fadama. Muka hau jinga, tudun ƙasar da ke tare ruwa, yana gaba yana ƙirge, ina bayansa. Wani mutum a kwalekwale ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, ranka ya daɗe, an wuni lafiya?"

Na ce, "Kawu, ƙirga."

Ya riga ya juya. Ƙafa ta kafe, jiki ya wuce. Ƙashin ƙugu ya karye, kuma bai sake tashi daga wannan kwanciyar ba. Ana gobe zai rasu ya jawo hannuna, muryar da ƙyar take fita.

"Na ƙarasa amsa wa mutumin nan?"

Na ce ya ƙarasa, har ya tambayi iyali. Ya lumshe ido.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa mala'iku su tare shi da sallama, su kuma ba shi lokaci ya amsa a tsanake.

Abin da ban gaya masa ba, shi mai kwalekwalen da wani yake gaisawa a waya.