Shekara Shida Ina Shan Maganin Ciwon Wani

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na yi shekara shida a ɗakin mijina a Gazawa ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ba wanda ya tambayi dalili, don kowa ya riga ya yanke hukunci. In na wuce bakin rijiya sai in ji ana raɗa, “Ga juyar nan.”

Uwar mijina ita ta ɗau aikin gyara ni. Saiwa, sassaƙe, rubutu, hayaƙi, babu wanda ban sha ko na tsuguna a kai ba. Ni kuma, wawiya, har godiya nake yi mata, in shanye in lashe baki don ta ga ladabina. Ranar da na yi ƙarfin halin cewa ko shi ma a nema masa, sai ta aje ludayi ta dube ni.

“Ɗan nawa? Tun yana wanka a tabki yake hitsarin jini. Namiji ne tun da wuri. Ke dai ki ji da kanki.”

A lokacin haka aka ɗauka, wai fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Har alfahari ake yi da shi.

Yayana, wanda ke aikin awon gujiya a Cadawa, shi ya matsa sai da muka hau motar kaya zuwa asibiti a Maradi. Mijina ya bi mu ne a matsayin ɗan rakiya. Likita ya duba ni, ya yi tambayoyinsa, sannan ya ce da tafinta, “Ina mijin?” Ya ce haihuwa aikin mutum biyu ne, in an shekara babu ciki, duka biyun ake aunawa. Da ƙyar mijina ya yarda, yana ta cika yana batsewa.

Da sakamako ya fito aka zaunar da mu tare. Ni lafiyata lau. Shi kuwa tsargiya ce, ciwon nan mai sa fitsarin jini, ta daɗe a jikinsa har ta raunana masa iri. Wato abin da uwarsa ke yi mini gori da shi, shi ne ciwon. Aka rubuta masa allurai. A hanya ya ce mini, “Ki rufa mini asiri.” Na ce to, don na ji tausayinsa.

Muna isa gida Inna, uwar mijina, ta tare mu a zaure. “Mi lokotoron ya ce?”

Ina tsaye, kunnuwana biyu, mijina ya ce, “Ya ce a ci gaba da ba ta magani.”

Wallahi ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba. Alkawarin rufa asiri kawai na yi masa, ban ce ya ƙara mini kaya ba. Washegari Inna ta miƙo ƙwaryar sassaƙe, na sha yana zaune yana kallo.

Ya riƙa zuwa Maradi a ɓoye da sunan cin kasuwa. Bayan shekara biyu Allah ya ba mu ɗiya. Ranar suna, Inna ta tsaya tsakar gida tana gaya wa mata, “Da ƙyar na gyara ta.” Mata suka yi ta guɗa, ni ina ɗaki ina cizon leɓe.

Yanzu duk sun rasu, Allah ya jiƙansu, na kuma yafe. Amma yafiya daban, mantuwa daban. Ba ciwon ne ya ɓata mini rai ba, ciwo na kowa ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne har yau mace ake fara tuhuma, namiji kuwa ko tambayarsa ba a yi.

Kwanakin baya mijin jikata ya zo gaishe ni, ya ce shekararsu biyu shiru, yana so in sa baki ta je a duba ta. Na ce madalla, gobe ma. Ya ce zai ba ta kuɗin mota.

Na ce, “Na mutum biyu za ka biya. Kuma kai za ka fara shiga.”