Koren Fenti a Kan Kujerun Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau idan na shiga gidan mutane kujerunsu nake fara gaisarwa kafin masu gidan. Ba da gangan nake yi ba. Ido ne ke zamewa ƙasa ya duba ƙafafunsu, ya ga ko ƙusa aka buga ko kuwa katako ne aka cusa cikin katako. Daga wajensa na kwaso wannan hali, tare da dogon wuya da rashin iya ciniki.

Ba wani sananne ba ne. Ma'aikacin sito ne a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, ya yi aikinsa, ya yi ritaya, ya tare a gidan da ya gina a Karshi. A shekarun da ofisoshi suka fara yayin kujera mai juyawa, sai a tara tsofaffin na katako a bayan gini, rana ta dake su, ruwa ya dake su, har ranar gwanjo. Abokan aikinsa na rububin firji da fanka, shi kuwa ya dawo gida da kujera ɗaure a saman tasi. Daga baya abin ya girma. Yakan sayi kujerun roba sababbi fil ya tafi ƙauyuka irin su Paikon Kore, ya yi musaya da tsofaffi su ba shi waɗanda suka gada. Na tabbata har yau akwai gidajen da ake ba da labarinsa a matsayin bawan Allahn da aikin gwamnati ya taɓa wa kai.

Kujera ashirin da uku ya tara, na madaci da na kirya, ya ware musu ɗaki guda mai kwaɗo. Doka ɗaya ce: ba a zama a kansu. Baƙo ya zo, tabarma za a shimfiɗa masa. Mama ta sha faɗa cewa ita dai ba ta taɓa ganin gidan da kujeru ke da ɗaki, mutane na zaune a ƙasa ba.

Abin da yake so a jikinsu shi ne abin da kowa ke ƙi: koɗewa, da zoben da kofin shayi ya bari, da gurbin da baya ya goge. Wadda ya fi ƙauna ta wani hedimasta ce na zamanin da. Hannunta na dama ya ɗan lotsa, ya yi fari-fari. Baba ya ce mutumin nan shekara da shekaru ya yi yana tunani yana murza wurin da babban yatsa. A cikin 'ya'yansa ni kaɗai ke tsayawa in saurari irin wannan magana, don ni ma a lokacin rabin hankalina a gajimare yake, ina cika littattafai da waƙoƙin ruwan sama. Sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka "Uwata" yake kirana.

Shekarar da ya samu kujerar Hajji, ina da shekara goma sha tara. Ana gobe zai tafi ya kira ni gefe ya danƙa mini mabuɗin ɗakin.

"Uwata, amana ce. Kada ki ba kowa, ko da Mamanki ce." Ya waiga. "Musamman ma Mamanki."

Kowa ya san yadda ake yi idan alhaji zai dawo. Sai an gyara gida, an shafe bango, an sabunta ƙofa, yadda mai wucewa zai gane gidan nan an sauke farali. Mama ta kira Oga Bitrus, maƙwabcinmu mai aikin fenti, mutumin Filato, wanda suke zama da Baba suna sauraron labarai a rediyo. Ana saura mako guda Baba ya dawo, Mama ta same ni a ƙarƙashin mangwaro ina fama da wani baiti da ya ƙi zama. Ta ce bangon ɗakin kujeru kawai za a shafa. Na miƙa mabuɗin ko kai ban ɗaga ba. Washegari na koma makaranta a Gwagwalada don jarrabawa.

Na dawo ana jibi jirginsu zai sauka. Tun daga bakin ƙofa wari ya tarye ni. A tsakar gida kuwa ga su nan jere a layi, duka ashirin da uku, kore shar, suna ƙyalli kamar sababbin bokitai. Fentin ƙofar gida ne ya yi saura, Mama kuma ba ta son asara. Oga Bitrus na tsaye da burushi, fuskarsa cike da farin ciki.

"Ƙanwata, ka gani? Wannan kujera ya tsufa, ya sha wahala, na ce bari in taimake shi. Har wanda hannunsa ya lotse, na cika shi, na shafa sau biyu. Kyauta ne fa, don Alhaji."

Mama ta ce, "To me kike wa kuka? Jama'a za su zo barka da sauka, so kike su tarar da mu da kayan bola?"

Kwana biyun nan na rasa inda zan sa kaina. Ba tsoron duka nake ba, Baba bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da nake tsoro shi ne mutumin da ya zaɓe ni a cikin 'ya'yansa ya dube ni ya ga ya yi kuskure. Na gwada kananzir a ƙafar guda ɗaya, fentin ya narke ya bi jijiyar katakon, abin ya ƙara muni. Na shirya kalmomin da zan faɗa masa a filin jirgi, masu kyau ƙwarai, da na gan shi ya rame yana murmushi sai duk suka gudu.

Ya shigo gida ya tarar da tsakar gida maƙil da mutane, kuma a karon farko a tarihin gidanmu, kowa a kan kujera yake. Limamin unguwa, cikin farar shadda, ya baje a kan ta hedimasta. Baba ya tsaya cak. Na ga leɓensa na motsi. Amma me sabon alhaji zai yi? Wanda ya dawo daga Arfa, an wanke shi tas, ba zai buɗe baki da faɗa a gaban jama'a ba. Kafin ya farfaɗo aka fara cewa, "Alhaji a yi mana addu'a!"

Ya ɗaga hannu. Ban taɓa jin addu'a irin wannan ba. Bai roƙi arziki ba, bai roƙi zaman lafiyar ƙasa ba. Haƙuri kawai yake roƙo, ya juya shi ta nan ya juya ta can, muryarsa na rawa, hawaye na bin gemunsa. Mutane na ta amin, wasu har da sheshsheƙa. Na ji wata tsohuwa na cewa lallai wannan Hajji ta karɓu.

Ƙarshen damina ne, fentin mai kuwa ba ya bushewa da wuri a irin wannan lokaci. Da liman ya yunƙura zai tashi, kujerar ta ɗan biyo shi kafin ta sake shi. Ya juya ya nufi ƙofa da layuka kore guda huɗu a bayansa. Haka dattawan unguwarmu suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na ganin bayan na gabansa yana danne dariya, bai san nasa ba.

Baba bai yi wa Mama faɗa ba, ya ce ita dama tun farko ba ta ɓoye matsayinta ba. Oga Bitrus ma har da dabino da hula ya samu. Ni ce dai "Uwata" ta ɓace daga bakinsa. Tun da ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsal ba, sai na koma "ke". Ke, kawo ruwa. Ke, rufe taga. Sati uku ana haka, sai wata Asabar da safe ya fitar da kujera ɗaya ƙarƙashin mangwaro, ya miƙo mini ɓallin fasasshen gilashi. Ya ce sanfefa takan cinye katako tare da fenti, gilashi kuwa idan hannu ya iya, fentin kawai yake ɗauka.

Shekara huɗu muka yi a haka. Kowace Asabar, ko ina makaranta ko ina hidimar ƙasa, sai na shigo mota na zo. Yana gefe ɗaya ina gefe ɗaya, koren fenti na zuba a ƙafafunmu kamar ganyen zogale. A nan na ji labarin ƙuruciyarsa, da yadda ya zo Abuja tana daji, da yadda ya fara ganin Mama tana faɗa da mai tumatir ya ce wannan ce. A nan na fara karanta masa waƙoƙina, yana cewa, "Ba laifi, amma ruwan saman nan ya yi yawa." Ban san ranar da "Uwata" ta dawo ba. Kalmar yafiya ce dai ba ta fito ba, ni kuma ita nake jira.

Kwanakin baya wata ƙawata ta kai ni wani wurin shan shayi a Wuse, irin wanda matasa ke zuwa don ɗaukar hoto. Kujerunsu na katako ne, sababbi, amma an shafa musu fenti sannan aka bi aka kankare da gangan don su yi kama da tsofaffi. Na zauna ina ta tunanin abin da Baba zai ce. Ina jin zai zagaya kujerar sau biyu, ya shafa hannunta, ya ce wa mai wurin babu wanda ya taɓa yin tunani a kan wannan. Sannan ya nemi a haɗa shi da kafintan, don ya ji ko yana da lafiya. A wani gefen kuma na san zai ji daɗi a ɓoye. Garin da ya yi masa kallon mai taɓin hankali yau shi ke neman abin da ya tsince a bayan ofis.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa hannunsa ya fara rawa, ya daina riƙe gilashi, sai dai ya zauna yana gyara mini. Mun gama goma sha shida. Ran nan na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tsoro ya kama ni, na ajiye gilashin.

"Baba, don Allah ka yafe mini maganar kujerun nan."

"Wace magana? Ai tun ranar na yafe. Kina tsammani haƙurin da na roƙa a gaban mutane bai samu ba?"

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Shekara huɗu fa!"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Da na faɗa miki, za ki riƙa zuwa ranar Asabar? Ɗauki gilashinki, Uwata, kin bar kore a lungun can."

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya zaunar da shi inda babu mai cewa tashi. Idan na auna abin da ya bari, ba na jin katakon ne, don gara ma tana da nata shirin a kansu. Ya bar mini ido mai ganin mutane a jikin abin da suka taɓa, ya kuma bar mini hanyar Karshi.

Yanzu ina aiki a Garki, Mama ce kaɗai a gidan. Duk Asabar nakan kutsa cunkoson Nyanya in je. A shekara bakwai kujera huɗu na gama, saura uku. Mama kan jawo kujerar robarta ta zauna kusa da ni tana gyaran wake, kuma har gobe ba ta janye ba, ta ce koren ya fi kyau. Makon jiya ta tambaye ni saura nawa, na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon hannuna.

"To saurin me kike yi haka?" in ji ta. "Bi a hankali mana, kada ki ji wa katakon ciwo."