Baba Yakuba Mai Murfin Tanki

Da an sallame sallar asuba a Garin Malam, Baba Yakuba ba ya tsayawa hira. Kunu ma a tsaye yake shan sa. Sai ya ɗaure buhunsa a bayan keke, ya bi unguwa layi-layi yana leƙen gefen motocin da ke ƙofar gidaje. Abu ɗaya yake nema, tankin da ba shi da murfi. Buhun nan cike yake da murafen da direbobi ke kira bushon, na ƙarfe da na roba, masu makulli da marasa shi. Wajen masu sayar da tsoffin kayan mota yake tsinto su, ya wanke, ya sake musu robar baki. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan zirga-zirga a Damagaram.

Mun san halinmu. Idan murfi ya faɗi a hanyar Takieta, sai a cusa tsumma a bakin tankin, a ce gobe za a sayo wani, har shekara ta zagayo. Shi kuwa ganin tsumman nan hana shi sukuni yake yi. Zai yi ta sallama har maigida ya fito.

"Ba sai ka je garaji ba," haka yake cewa. "Tsaya nan ka gani, don wata rana ka yi da kanka."

Ya goge bakin tankin, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya murɗa har murfin ya kama. Daga nan ya kara hancinsa ya shinshina. In bai ji wari ba, kafin ka gama godiya ya hau keke.

Makanikan tasha sun sha yi masa dariya, wai ba ya kwance inji, wane irin gyara yake yi? Wasu kuma suka ce shisshigi ne ya yi masa yawa. Ladi mai ƙosai ma haka ta ɗauke shi, kuma ita da kanta ta ba ni labarin ranar da ta sake ra'ayi.

Cikin bazara ne. Mijinta Suma'ila, mai jigilar 'yan kasuwa zuwa Zermu, ya cika tankin motarsa fal da isansi, wato fetur, tun hantsi, ya toshe da tsumma, ya ajiye motar a ƙofar gida ya tafi zaman makoki. Rana ta yini tana dukan ta. Da la'asar Ladi ta hura wuta ta ɗora kasko, taku biyar daga motar, mata da yara sun kewaye ta.

"Ban ga zuwansa ba," in ji ta. "Ƙarar faɗuwar keke kawai na ji, sai ga mutum yana watsa mini rairayi a murhu, har cikin man da nake suya."

Ta miƙe da matsami a hannu. "Baba, lafiyarka kuwa? Me na yi maka?"

"Ja yaran nan baya, Ladi! Maza!"

"Ka ɓata mini ƙosai, kuma ka—"

"'Yata, dubi ƙasan motar."

Ta duba. Zafi ya sa isansin ya taso, ya jiƙe tsumman sharkaf, ya bi jikin motar ya sauka, yana malala a ƙasa ya nufo wajen itacenta. Ƙamshin suya ya rufe warin, babu wanda ya ji sai shi da ke wucewa. Ladi ta yi maza ta ja yaran baya. Shi kuwa bai tsaya ba ta haƙuri ba. Ya rufe ɗigon da ƙasa, ya zare tsumman, ya zazzage buhu har ya sami murfin da ya dace. Da Suma'ila ya dawo ya fara rantse-rantsen cewa gobe ya yi niyyar saye, sai Baba ya kama hannunsa ya ɗora a kan murfin.

"Murɗa. Ka ji ya kama? To, shi ke nan aikin da ka yi wata takwas kana ɗagawa."

Kai ne, Baba, ƙi-zama, wanda ba a taɓa kira a rediyo ba, domin gobarar da ba ta tashi ba babu mai ba da labarinta. Kai ne ka sha zagi a ƙofar gidajen mutane, washegari ka koma.

Yanzu hannunsa ya soma rawa. Watan jiya murfi ya suɓuce masa sau uku a gaban jama'a, ya juya ya koma gida. 'Ya'yansa sun roƙe shi ya huta, ya yarda da baki. Da na je gaishe shi, a tsakar gida na same shi yana kai da komo.

"Damina ta kusa," ya ce mini. "Ruwa zai shiga tankuna. Wa zai gaya musu?"

Mun ji, Baba, kuma mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu mota, aikin ya dawo hannunmu. Kowa ya fita ya duba tasa yau. In ta maƙwabci ce ka gani a buɗe, yi masa sallama, ko da zai ɓata rai.